Dattijon Kiri da Bikin Koren Ganye

Ni direba ne a wata masana'antar wayar lantarki da ke Madinar Masana'antu, can kudancin Jidda. Kafin in zo ƙasar nan Turanci nake koyarwa a wata sakandare a Sudan, amma ba a rubuta hakan a iƙamata ba, wato takardar izinin zamana, don haka babu mai tunawa da shi sai ranar da za a yi baƙi daga waje. Ranar ce ake gane cewa akwai wani a gareji mai jin bakin Turawa. Sai a ce in wanke farar motar, in canza riga, in kama hanyar filin jirgi.

Mai ba ni wannan umarni shi ne jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, wanda kowa ke kira Ustaz. Haifaffen Jidda ne, bai kai shekara arba'in ba. Kakansa Bahaushe ne da ya zo aikin hajji ya zauna, kuma shi kansa Ustaz ɗin yana jin Hausa tas, don na sha jin sa a bayan gareji yana waya da goggonsa. Amma a ofis ko sannu bai taɓa ce mini da harshen kakansa ba, alhali ya san ni ma Bahaushe ne. "Ya zol" yake ce mini, yadda suke kiran duk wanda ya fito daga Sudan, yana miƙo mabuɗi da yatsu biyu kamar mai ba kare ƙashi. Idan ya wuce, turarensa kan daɗe bai bar wurin ba. Iya abin da na ga yana yi a kamfanin shi ne shirya bukukuwa da zaɓen inda manya za su tsaya a ɗauki hoto.

Baƙin wannan karon su biyu ne, daga wani kamfanin Amurka da ke sayar mana da sandunan alminiyam, kuma ya sayar mana da sabon injin jan waya. Na farko dogon Bature ne mai haƙora farare fiye da kima, mai sayar da kayan kamfanin. Mu a gareji Khawaja muka riƙa kiransa, yadda ake ce wa Bature a nan. Na biyu gajere ne kakkaura, furfura ta cinye kansa, da hular hana sallah da ta ji jiki, yana jan akwatin kayan aikinsa da kansa. Da na kalli fuskarsa na ɗauka ɗan ƙabilar Buhari ne, irin masu sayar da shinkafa a unguwarmu. Shi ne makaniken da zai haɗa injin. Dattijo na riƙa kiransa, da na fassara masa kalmar ya ce ta yi masa.

Tun daga filin jirgi har otal Khawaja bai rufe baki ba, kuma duk zancen nasa a kan tsabta ne. Wai masana'antarsu ba ta ƙona gawayi ko mai wajen narka alminiyam. Wutar da suke amfani da ita ta ruwa ce, daga manyan madatsu a arewacin Kanada ake janyo ta, ta tsallako iyaka ta zo musu.

"Babu hayaƙi, abokina," in ji shi, yana dukan bayan kujerata. "Ruwa ne kawai yake gangara, kamar yadda ya saba tun farkon duniya. Babu wanda aka cuta."

Saboda wannan tsabtar ce za a ba kamfaninmu izinin manna tambarin koren ganye a jikin kowane naɗin waya, kuma za a yi bikin hakan idan an gama haɗa injin. Dattijo yana kujerar gaba kusa da ni. Tagar kawai yake kallo.

Khawaja bai cika son zuwa masana'anta ba, zafi ya yi masa yawa. Yawancin kwanakinsa a otal ɗin bakin teku ya yi su, yana cin abinci da manya. Dattijo kuwa kullum da sassafe nake ɗaukarsa, in mayar da shi bayan la'asar, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Kwana uku muka yi ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. A rana ta huɗu, muna wucewa ƙarƙashin manyan turakun lantarkin da ke bin hanyar kudu, ya ɗaga kai ya dube su ya ce, "Wutar garin nan daga ina take zuwa?"

Na ce iya sanina mai ake ƙonawa a tashoshin bakin teku, wani lokaci ma ana hango hayaƙin.

Ya gyaɗa kai. "To ku ko ba komai kuna ganin hayaƙinku."

Ban gane abin da yake nufi ba sai ranar Juma'a. Ranar babu aiki, na san kuma zai wuni shi kaɗai a ɗaki, sai na ce ya zo gidana cin abincin rana bayan na sauko daga masallaci. Muna zaune a unguwar Sa'alaba, a saman wani tsohon gida, ɗaki biyu da falo. Matata ta soya kifin da na sayo da safe, ta yi kisra, wato wainar dawa irin ta Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya, ta daka yaji. Muka shimfiɗa leda a ƙasa. Dattijo ya zauna da ƙyar saboda gwiwa, ya kai hannu kan kifin, sai ya tsaya.

"Daga ina wannan kifin?"

"Daga tekun nan," na ce. "Da asuba aka kamo shi."

Sai ya ci. Ya ci kamar wanda ya daɗe yana kewar abin, yana tsotse ƙaya yana jerawa a gefen faranti. Matata tana bakin ƙofar kicin, ta ce da ni da Hausa, "Malam, tambaye shi ko a ƙasarsu babu kifi ne."

Da na tambaye shi sai ya yi dariya, ya goge hannu, ya ce kifi ne ya raine shi. Shi ba Ba'amurke ba ne, aiki ne ya kai shi can. Mutanensu ana kiransu Kiri, 'yan asalin arewacin Kanada ne, tun kafin Turawa su san da ƙasar suke can suna farauta da kamun kifi. Na ce masa a Hausa kiri tallar yawo ce, ya ce to ga shi kuwa yana yawo da akwati. Sannan ya ce madatsun da Khawaja yake ta yabo, a ƙasarsu aka gina su, a kan kogunansu.

Yana yaro lokacin da manyan motoci suka fara shigowa dajin. Babu wanda ya zo ya nemi izinin dattawansu kafin a fara. Kowane gida a cikinsu yana da yankin dajin da ya gada, inda suke kafa tarko da kama kifi, sun san kowane rafi da kowace duwatsu da sunansu. Yankin kawunsa gaba ɗaya ruwa ya shanye shi. Itatuwan ba a sare su ba, haka aka bar su a tsaye ruwa ya rufe su, suka ruɓe a ƙasa. Ruɓewar ce, in ji shi, ta saki gubar zaiba a cikin ruwan. Ƙananan kifaye suka sha, manya suka cinye ƙanana, mutane suka cinye manya. Wata rana likitoci suka zo da almakashi suna yankar gashin kan tsofaffi don a auna. Suka yanki na mahaifiyarsa. Bayan wani lokaci aka kira ta aka ce ta rage cin kifin wurin.

"Matar da tun tana goye kifi take ci," in ji shi. "Ta tambaye su to me za ta ci. Suka nuna mata kanti. Abincin gwangwani da lemon kwalba."

Ina fassara wa matata yana ci gaba. Ya ce har yanayin kogin aka juya. Da can lokacin sanyi kogin kan daskare ya zama hanya, a bi ta kansa da kaya a tafi farauta. Yanzu kuwa lokacin sanyi ne mutanen biranen kudu suke kunna na'urar ɗumama ɗaki, don haka lokacin ne ake sako ruwa da ƙarfi a injinan madatsa. Ƙanƙarar ta zama ba ta da amana, tsohon da ya yi shekara sittin yana karanta ta da ido ya koma bai san inda zai taka ba.

Matata ta daina tsayuwa a ƙofa, ta zo ta zauna a gefen ledar. Ta ce, "Tambaye shi maƙabarta fa?"

Ya dube ta kafin in gama fassarawa. Ya ce suna ƙasan ruwa. Kakarsa da ƙanensa da ya rasu yana jariri suna wani wuri da yanzu sai dai a tsaya da kwalekwale a kansa a ce wajen nan ne, ko kuma can gaba kaɗan.

Matata ta yi salati ta share ido da bakin mayafi. Dalilin tambayar tata kuwa, ni da ita 'yan ƙauye ɗaya ne, wani ƙauyen Hausawa masunta a bakin kogin Nilu, kuma mu ma ruwan madatsa ne ya tashe mu. Na ba shi labari a gajarce. Aka kwashe mu a manyan motoci zuwa wasu gidajen bulo da aka jera a fili, nesa da ruwa. Mahaifina ya dage sai da aka ɗora masa kwalekwalensa a mota, ya ajiye shi a tsakar gida, rana ta yi ta dukansa har ya tsage. Manyan wayoyin kuma ta saman kanmu suka wuce zuwa birni, muka daɗe muna kunna fitilar kananzir a ƙarƙashinsu.

Na zaci zai ce wani abu mai nauyi. Cewa ya yi, "Ashe kun sani. Miƙo mini yajin nan."

Kafin ya tashi ya ƙara da wata magana da ban manta ba. Ya ce kada in ɗauka labarin na waliyyai ne da shaiɗanu. Shugabanninsu sun yi shari'a, sun yi yarjejeniya, an gina musu makarantu da asibitoci, wasu 'ya'yansu sun yi karatu sun zama manya. Shi kansa a wurin aikin madatsa ya koyi makanikanci, da shi ya ciyar da iyalinsa. "Ba na cewa ban ci ba," in ji shi. "Abin da ba na so in ji shi ne a ce babu wanda aka cuta."

Saura mako ɗaya biki Ustaz ya kira ni ofishinsa. Khawaja yana zaune a kan kujerar baƙi ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Ashe a wurin cin abinci ne ya ambata, a matsayin abin ban sha'awa, cewa makaniken nasu daga ainihin yankin madatsun ya fito. Ustaz kuwa ya ji kamar an ba shi kyautar mota. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Hoton wani mutum ne a kan doki, da hular gashin tsuntsu da ta sauko har gadon baya, irin na finafinan kaboyi.

"Ka ga wannan, ya zol? Irinta nake so. Zai sa ta ya hau mumbari ya yi jawabi da yarensu, ya gode wa kamfani. Hoton zai zaga duniya."

Na ce, "Ustaz, an tambaye shi kuwa?"

"Shi ma'aikaci ne, kai direba ne. Yalla, kasuwar tsuntsaye tana Khumra."

Khawaja ya yi murmushin nan nasa ya ce da ni da Turanci wai ra'ayin yana da kyau ƙwarai, girmama al'ada ne. Mutumin da ya yi shekaru yana aiki da Dattijo bai taɓa tambayarsa ko ƙauyensu yana nan ba, yau shi ne mai girmama al'ada.

Na kuwa tafi. Wannan ne ɓangaren labarin da ba na jin daɗin faɗa, amma haka aka yi. Ni da na zauna da mutumin a kan leda ɗaya, na ji abin da ya faɗa da kunnena, na tuƙa motar kamfani zuwa Khumra da rana tsaka, na shiga cikin warin kashin kaji da kukan aku, ina bin rumfa rumfa ina tambayar wa ke da gashin tsuntsu dogaye. Wani Bayamane mai sayar da talotalo ya tattaro mini na ƙasan keji, yana tambayata ko magani zan haɗa. Wani kuma ya ƙara mini da na ɗawisu guda shida. Na kai wa wani tela Ba'indiye, na nuna masa hoton a waya, ya ɗinka su a kan jan ƙyallen labule, ya ƙara da duwatsun roba irin na rigar amare don abin ya yi kyau. Duk tsawon lokacin ina ce wa raina ai ni ɗan aike ne, iƙamata a hannun kamfani take, ina da 'ya'ya a makaranta. Duk gaskiya ne. Amma ko gardama ta biyu ban yi ba, kuma har ciniki na yi wa telan.

Ustaz bai iya kai masa da kansa ba, ni ya tura. Na samu Dattijo a ƙarƙashin injin yana ɗaure wani noti. Ya fito, na miƙa masa ledar ba tare da na haɗa ido da shi ba. Ya zaro hular ya ɗaga ta sama. Gashin ɗawisun yana ta ƙyalli a hasken fitilun masana'anta, leburori 'yan Bangaladash suka dakata da aiki suna kallo.

"Wannan na wane ne?"

Na faɗa masa komai, har da cewa ni na sayo gashin.

Ya daɗe yana juya ta. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce a duk danginsu bai taɓa ganin mai irin wannan ba. Akwai wasu al'ummomi can wani ɓangaren ƙasar da ke da hular gashin gaggafa, kuma a wurinsu abu ne mai girma da ba kowa ke sa shi ba, ba kuma da gashin talotalo ake yin ta ba. Kawunsa mafarauci, in ji shi, hular ulu yake sawa da takalmin roba.

Na ce, "Dattijo, ka yafe mini."

"Kai ma aiko ka aka yi," in ji shi. Ya mayar da ita leda ya miƙo mini. "Ka ce musu ba zan sa ba. Jawabi kuwa zan yi. Da yarenmu suke so, ko? To da shi zan yi."

Khawaja ya rubuto masa takarda shafi guda, ya ce ya juya ta zuwa yarensu. Ustaz kuma ya sa aka juya ta zuwa Larabci don ya karanta a matsayin fassara. Dattijo ya karɓi tasa ya ninke ya sa a aljihun baya.

Ranar bikin, da hantsi, aka kafa babbar rumfa a harabar masana'anta. An jera na'urorin sanyaya wuri da janareta biyu suna ta aman baƙin hayaƙi a bayan rumfar, inda baƙi ba za su gani ba, ciki kuwa sanyi har sai da wasu suka riƙa naɗe hannu. An kawo tukwanen shuke-shuken roba an zagaye mumbari da su, an raba wa kowa ruwan roba da jakar kyauta mai hoton ganye. A bangon gaba wani katafaren allo yana nuna wani tafki shuɗi shar, daji kore ya kewaye shi, tsuntsaye suna shawagi, ana kaɗa wani kiɗa mai laushi. Ni ina tsaye can baya wajen ƙofa tare da masu raba gahawa.

Mudir, wato shugaban kamfanin, ya yi magana, wani babban baƙo ya yi, Khawaja ya yi tasa, ya ambaci tsabta har na daina ƙirgawa. Sannan Ustaz ya gyara zaman ƙyallen kansa ya ce yau Allah ya kawo musu ɗan asalin ƙasar ruwan, wanda zai shaida da bakinsa.

Dattijo ya hau da rigar aikinsa, wankakkiya dai, da tsohuwar hularsa. Bai ciro takardar ba. Ya juya ya kalli tafkin da ke kan allon na ɗan lokaci, sannan ya juyo ya fara magana. Harshe ne mai taushi, ana jan wasu kalmomin, kamar mai lallashin yaro. Bai ɗaga murya ba. Yakan faɗi kalma ya ɗan tsaya, ya faɗi wata ya tsaya. Idan ya yi shiru sai Ustaz ya karanta layi ɗaya daga takardarsa da muryar mai karanta labarai: wai mutanena suna gaishe ku, wai ruwa kyauta ce da muke farin cikin raba ta da duniya, wai madatsa ta kawo mana haske da ci gaba. Takardar Ustaz ta ƙare, Dattijo bai gama ba. Sai Ustaz ya shiga ƙirƙira da ka. Ya ce baƙo yana yaba karamcin mudir. Ya ce baƙo ya ce bai taɓa ganin gari mai kyaun Jidda ba. Mutumin da ko kalma ɗaya ta yaren bai taɓa ji ba sai yau, yana tsaye yana gyaɗa kai kamar a cikinsu aka yi masa kaciya.

Aka yi tafi sosai. Ni ma na tafa, don mudir yana waiwaye.

Hular kuwa ba ta yi asara ba. Lokacin ɗaukar hoto Ustaz ya fito da ita, tunda an riga an ɗinka. Khawaja ya ɗora ta a kansa, ya harɗe hannuwa a ƙirji ya murtuke fuska, manya suka yi ta dariya suna ɗauka da wayoyinsu. Daga nan ta zaga kan mutum uku ko huɗu. Dattijo yana gefe yana shan gahawa, yana kallonsu kamar mai kallon awaki sun shiga kasuwa.

A hanyar mayar da shi otal, mu biyu ne kawai, na ce, "Dattijo, don Allah me ka ce musu?"

Ya ce sunaye ya lissafa. Ya fara daga bakin kogin yana hawa sama, kamar yadda kawunsa yake bi da kwalekwale: sunan kowane wurin da ruwa ke gudu kan duwatsu, kowane zangon da suke kafa tanti lokacin farautar dinya, kowane tsibirin da ake shanya kifi. Duk suna ƙasan wannan shuɗin tafkin na kan allo ko 'yan uwansa. Bayan wurare ya shiga sunayen waɗanda aka binne a can, iya waɗanda ya tuna. Ya ce rabonsa da faɗin sunayen a jere tun rasuwar mahaifiyarsa, har ya ji tsoron ko ya manta wasu, kuma ya manta biyu.

Na ce, "Amma ai babu wanda ya gane."

"Da na faɗa da Turanci ma ba za su gane ba," in ji shi. "Kashe abin maganar za su yi, ni kuma saura mini shekara ɗaya in yi ritaya." Sai ya ƙara da cewa, "A ƙarshe na gaya musu cewa ƙafar injin ta uku tana son mai duk mako, in ba haka ba za ta ci kanta. Wannan kam ya kamata a fassara. Ka gaya wa makanikenku."

Washegari na kai Khawaja filin jirgi. Ya ce bikin ya taɓa masa zuciya, musamman jawabin abokin aikinsa. Ya ba ni wata gorar ruwa ta ƙarfe mai tambarin kamfaninsu, ya ce in daina sayen ruwan roba don mu ceci duniya tare. Matata ta wanke ta tana zuba man suya a ciki.

Dattijo ya ƙara kwana biyar yana koya wa ma'aikatanmu injin. Ranar tafiyarsa matata ta ba ni yaji a ƙaramar kwalba in kai masa. A bakin ƙofar shiga filin jirgi ya riƙe hannuna ya tambaye ni sunan ƙauyenmu, na da, ba na bulo ba. Na faɗa masa, ya maimaita sau biyu har ya kama, ya ja akwatinsa ya shige. Ban sake jin ɗuriyarsa ba, ban kuma karɓi lambarsa ba, abin bai zo mini a rai ba sai da na kama hanyar dawowa.

Saƙon man injin na isar da shi ga makanikenmu Bafilifine, ya rubuta a jikin bango da alli, kuma har yau injin yana aiki lafiya. Ustaz an ƙara masa girma kafin shekara ta zagayo, yanzu shi ne shugaban sashen kula da muhalli, yana da ofis mai taga biyu. An haɗa ɗan fim daga bikin ana nuna shi a allon ɗakin karɓar baƙi, yana ƙarewa yana sake farawa tun safe har a tashi. A ciki ana ganin Dattijo yana magana, a ƙasa kuma rubutun Larabci yana cewa mutanensa suna farin ciki. Nakan zauna a wurin idan ina jiran wanda zan ɗauka, kuma a duk ginin ni kaɗai na san abin da yake faɗa. Na saurare shi har na haddace wasu kalmomin, ban dai san wanne ne sunan tsibiri wanne ne na mutum ba. Kwanan baya matar da ke zama a teburin karɓar baƙi ta ce muryar tana sa mata ciwon kai, ta ɗauki rimot ta kashe sautin, kuma babu wanda ya ce a mayar.